Ƙishirwar Zubaida

A cikin kwalin takalmi aka kawo mini ita, wata Lahadi, ana tsakiyar zafin Yuni. Jami'in kula da namun dawa ya ajiye kwalin a kan teburina, ya ce a jakar wani fasinja aka kama su a tashar jirgin ruwa. Hawainiyoyi goma sha ɗaya ne 'yan ƙasar Yaman, goma sun mutu a hanya.

"Ita kaɗai ta rage, Likita. In ba ki karɓa ba, ban san inda zan kai ta ba."

Na buɗe kwalin. Ta juyo ido ɗaya ta dube ni, ɗayan yana can yana kallon rufi. Na shafa gefen cikinta a hankali, sai na ji ƙwai jere kamar carbi. A ƙiyasina saura mako uku ta zuba su, in ta kai.

Sunana Rawiya. Mahaifina Shahata mai kamun macizai ne a Abu Rawash, kusa da Alƙahira, haka kakana. Da ya rasu ya bar mini fili a bakin ƙoramar Mansuriya da ɗakuna shida: macizai, guza, kunkuru, kwaɗi. Amma aikin da ke ciyar da ni na duba shanu ne a Kirdasa. Ƙarfe shida da rabi nake fita, sai bayan la'asar nake dawowa, kullum ban da Juma'a.

Maciji zai zauna a akwati da yashi da kwanon ruwa, bai dame ka ba. Hawainiya sai da ganye. In ba ta sami inda za ta ɓuya ba, sai ta yi baƙi, ta ƙi ci, ta mutu tana kallonka. Don haka a ranar na tsallaka shinge zuwa lambun dashen Baffa Mahrus.

Abokin mahaifina ne. Shekara hamsin ya yi yana kai shuke-shuke manyan otal-otal na Alƙahira. Yanzu 'ya'yansa sun karɓi lambun, sun ajiye masa kujera a bakin ƙofa, da kofin shayi da ba ya ƙarewa.

"'Yar Shahata," in ji shi. "Wane maciji ne ya gudu yau?"

"Babu, Baffa. Bishiya nake so."

"Ga Fathi can, shi ne mai lambu. Ni maigadi ne."

"Wadda ba a taɓa yi wa feshin magani ba nake so. Ko sau ɗaya."

Ya sauke kofin. Ya dube ni, ya dubi wajen da babban ɗansa Fathi yake lodin mota, sannan ya tashi ya ce in biyo shi. Can bayan ɗakin injin ruwa yana da wani lungu nasa na kansa, wanda yaransa ba sa shiga. Da sabulu da hannu yake kashe ƙwarin wurin.

Kwana biyu muka yi muna shirya wa hawainiyar ɗaki. Tsayinsa ya fi mutum, gaba gilashi, sama da gefe raga. Baffa ya zaɓo wani dangin gamji mai ganye kamar faranti, da ayaba ƙarama, da wani mai yaɗo da ya nannaɗe a jikin sanduna. Kowace sai da ya zare ta daga tukunyarta, ya wanke saiwar, ya jera fasassun kasake a gindin sabuwar tukunya don ruwa ya wuce, ya cika da ƙasar da ya tankaɗe da hannunsa. Gamjin ya sa a ƙarƙashin fitila, ayabar a kusurwa inda iska ba ta kaɗa ta.

Da muka wuce ta ɗakin kwaɗi, ya tsaya. Ni na dasa shukar nan mai faɗin ganye, kunnen giwa, da ke ciki, kuma ina alfahari da shi.

"Wannan ganye ne, ko amarya aka shafa wa hoda?"

"Baffa, kwaɗin ba su yi ƙorafi ba."

"Ai ba su da wanda za su kai wa ƙara."

Na ɗaura injin feshi a saman ɗakin hawainiyar, na saita shi ya riƙa yayyafi ƙarfe bakwai na safe da sha biyu na rana, minti uku-uku. Muka sake ta. Ta kama reshe, ta yi gaba ta yi baya kamar mai shawara, ta shige bayan ganye.

"Tafiyar matan sarakuna," in ji Baffa. "Zubaida ke nan."

Shi ya nemi in ba shi makulli. Ya ce dashe sabo sai da ido, ni kuwa ba na gida. Na ba shi da sharaɗi biyu: kada ya taɓa injin, kada ya taɓa Zubaida. Washegari da na dawo na tarar ya sa mata ɗan kwanon tasa cike da ruwa a gindin gamjin. Na yi murmushi na bar shi. Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano, ɗigon da ke kan ganye take lasa, amma kwanon bai tsare wa kowa hanya ba.

Makon farko shuke-shuken suka yi kyau har na ɗauki hotonsu. Ganyen gamjin yana sheƙi kamar madubi. Zubaida kuwa ta ci fara uku ranar Talata, biyu ranar Laraba, ɗaya ranar Alhamis. Ranar Juma'a ina gida, Baffa bai zo ba, ya tafi masallaci, daga can gidan 'yarsa kamar yadda ya saba. Na zauna daga nesa na ga injin ya yi feshi, na ga Zubaida ta fito tana lasar ɗigo a bakin ganye, ta daɗe tana sha. Ranar Asabar ta ci fara huɗu. Na ce ta warware.

Ranar Litinin ta ƙi ci. Ranar Talata idanunta suka fara faɗawa ciki.

Na duba kashinta a madubin asibiti mai ƙara girman abu, babu tsutsa. Na auna zafin ɗakin, daidai. Na sauya fitila. Na sauya mai kawo mini fara. Na gwada ɗiga mata ruwa a baki, ta buɗe baki ta yi huci, ta koma baƙa ƙirin, ta kusa faɗowa daga reshe. Macen da ke ɗauke da ƙwai, in jiki ya yi rauni, ƙwan kan maƙale ne, daga nan kuwa sai mutuwa. Na yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, na san wannan jinkiri ne kawai.

Abu ɗaya ya rage a raina, wato maganin feshi. Hawainiyoyin Yaman suna ɗan gutsurar ganye. Ranar Laraba da la'asar na sami Fathi a lambu yana cin gurasa da wake a kan buhun taki.

"Yaya Fathi, tambaya zan yi, kada ka ji haushi."

"Bismilla tukuna, Likita."

"Alhamdu lillahi. Yaranka sun taɓa yin feshi a lungun Baffa?"

Ya ajiye gurasar. "Lungun Alhaji? Na rantse da igiyar aurena, ko iska ba ta shiga can sai da izininsa. Bara wani lebura ya ratsa ta wurin da tankin feshi a baya, babu komai a ciki ma, Alhaji ya bi shi da sanda har bakin titi."

"To wani abu na kashe ta."

"Ƙadangaruwar?"

"Hawainiya."

"Duk dangin juna ne." Ya goge baki. "Ni dai roƙona, Likita, ko ta mutu kada ki karɓe makullin nan. Tun da kika ba shi, ya daina zuwa yana gaya mini yadda ake riƙe almakashi. Da asuba yake wanka, ya sa jallabiya mai guga, kamar mai zuwa neman aure. Sau biyu yake zuwa wurinki, ko ministan ruwa bai kai shi kiyaye lokaci ba."

"Sau biyu?"

"Bakwai da 'yan mintuna, da kuma bayan sha biyu."

Na sha shayin da ya tilasta mini, na koma gida. A ƙasan reshen Zubaida na sami sabon kashi. Farin da ke jikinsa ya koma ruwan lemo. Wannan alamar ƙishirwa ce, ko ɗalibin shekarar farko ya sani. Amma da idona na ga tana sha.

Da idona, ranar Juma'a.

Ranar Alhamis na buga waya Kirdasa na ce ba zan zo ba. Na kai motata bayan gidan maƙwabta, na dawo da ƙafa, na zauna a ɗakin kunkuru, inda taga ke kallon ɗakin Zubaida.

Bakwai daidai injin ya tashi. Yayyafi ya sauka, ganye ya jiƙe, ɗigo ya taru a bakin kowane. Can bayan ayaba na ga Zubaida ta motsa. Ta miƙo hannu ɗaya, ta tsaya, ta miƙo ɗayan. Kafin ta kai rabin reshe na ji ƙarar makulli.

Baffa ya shigo da sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa. "Barka da asuba, ranki ya daɗe," ya ce da ita. Ta koma bayan ayaba. Ya zubar da ruwan kwanon jiya, ya ɗauraye, ya cika. Sannan ya zaro wani farin tsumma mai laushi daga aljihu, ya tallafi ganyen gamji da tafin hagu, ya goge shi da dama, daga gindi zuwa baki, sama da ƙasa. Ya koma na gaba. Yana yi yana salati a hankali. Bai bar ko ɗaya ba, har 'yan ƙananan ganyen mai yaɗo. Minti ashirin, ɗakin ya bushe ƙarau, ganye na sheƙi.

Na daɗe ban ga aiki mai tsabta irin wannan ba. Na fito.

"Baffa."

Bai firgita ba. "Yau shanun sun ba ki hutu?"

"Me kake yi?"

"Abin da kike gani."

"Kullum kake goge su?"

"In ban goge ba wa zai goge? Ke?" Ya ninke tsumman. "Injin nan naki daga rijiyar burtsatse yake ja. Ruwan gishiri ne. In ya bushe a kan ganye sai ya bar fari kamar kanwa, ya toshe shi, wata uku ganye ya ƙone. Je ki dubi na kwaɗinki. Ni tun ina ɗan shekara goma maigidana ya ja mini kunne, ruwa na saiwa ne, ganye kuwa a bushe ake barinsa."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki na goge ganye? Kina so in riƙa gaya miki in na wanke fuska?"

Na ja numfashi. Mutumin nan ya ɗauki gawar mahaifina a kafaɗarsa.

"Baffa, Zubaida ba ta shan ruwa a kwano."

"To a kofi take so?"

"A kan ganye take sha. Ɗigon nan da kake gogewa, shi ne ruwanta. Ba ta ma san abin da ke cikin kwano ruwa ba ne, sai ta ga yana motsi yana ƙyalli. Kwana goma ke nan, sau ɗaya ta sha ta ƙoshi, ranar da ka je masallaci."

Ya dubi kwanon. Ya dubi tsumman da ke hannunsa, jiƙe sharkaf. Ya leƙa bayan ayaba, ya daɗe yana kallon idanun nan da suka faɗa.

"Ke kuma me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ɗauka kowa ya sani."

"Kowa a gidan Shahata." Ya zaro makullin daga aljihu, ya ɗora a kan tukunyar gamji. Ya sa takalminsa ya fita, bai yi sallama ba.

Ban bi shi ba, ba ni da lokaci. Na kunna injin da hannu, na koma ɗakin kunkuru. Zubaida ta fito da ƙyar, ta lasa sau biyar ko shida, ɗigon ya bushe da zafin rana kafin ta ƙara. Na sake kunnawa, ƙarar ta kore ta. Ta yi rauni har minti uku ba sa isarta, feshi mai yawa kuma yana tsorata ta. Na tsaya ina tunanin robar ƙarin ruwa ta asibiti, ko zan rataye ta a sama.

Wajen ƙarfe goma na ji muryar Fathi a bayan shinge.

"Alhaji, wannan na masu wucewa ne. Direbobi za su zage mu."

"Su zage ka, kai ne mai lambu."

Sai ga Baffa da tulu a kafaɗa, irin na ƙasa marar fenti, ɗaya daga cikin ukun da ke jere a ƙofar lambunsu don sadakar ruwa. Fathi na biye da tsani yana gunaguni.

"Ban zo karɓar makulli ba," in ji Baffa, bai dube ni ba. "Riƙe mini tsani."

"Yaya Fathi ya hau mana."

"Wannan? Ragar taki za ta ɓurma."

Ya hau da kansa, ni da Fathi muna riƙe. Ya gicciya katako biyu a kan ragar, ya zaunar da tulun a tsakani, daidai saman ganyen gamji mafi girma. Ya zaro ƙusa ya ɗan kankare gindin tulun. Ya jira. Ya ƙara kankarewa.

"Ruwan famfon gari ne, na Nilu, ya kwana a randa," ya ce daga sama. "Ba shi da gishirin rijiyarki. Tulu kuwa ba ya ƙara, ba ya gaggawa. Zufa yake yi har yamma."

Ɗigo ya taru a gindin tulun, ya yi nauyi, ya ratsa raga ya faɗo a kan ganyen. Ya gangara ta tsakiyarsa, ya tsaya a baki yana rawa, ya faɗa kan na ƙasa. Wani ya biyo.

Muka koma ɗakin kunkuru mu uku. Fathi ya ce shi yana da lodi, amma bai tafi ba. Kusan rabin sa'a babu abin da ya motsa sai ɗigon. Sannan ido ɗaya ya leƙo daga bayan ayaba.

"Ga ta nan," in ji Fathi.

"Rufe bakinka," in ji Baffa.

Ta ɗauki minti goma kafin ta iso. Ta tsaya a ƙarƙashin ganyen, ta ɗaga kai, ɗigo ya faɗo mata a hanci. Ta buɗe baki. Muna kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Har aka kira azahar ba ta bar wurin ba.

Baffa ya tashi ya kakkaɓe jallabiyarsa. "Tulun sai an cika shi safe da yamma. Ke kuma ba kya gida."

"Makullin na nan inda ka bar shi."

"Na gani."

"Tsumman kuma?"

"Ranar Alhamis da yamma kawai, bayan ta ƙoshi. Kada ki ce mini a'a, ƙura ma tana da nata."

Na sauya wa injin tiyo zuwa famfon gari. Kwana uku Zubaida ba ta ci ba, sai sha. A na huɗu ta harbo harshe ta ɗauke fara. Idanun suka fara cikowa, amma cikin ya yi mata nauyi, tana tafiya tana hutawa. Na ajiye mata bokitin yashi mai laima a kusurwa don ta haƙa. Ta sauko ta zagaya shi, ta koma sama. Washegari haka. Kwanakinta sun cika, har sun wuce da biyu. Na fara jera kayan tiyata a raina, ina kuma sane da cewa ba lalle ta tashi daga allurar barci ba.

Ranar Laraba ina tsakiyar duba wata saniya wayata ta yi ƙara. Baffa ne, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Likita, matar nan ta shiga tukunyar ayaba. Wutsiya kawai nake gani."

"Kada ka matsa kusa. In ta gan ka za ta fasa."

"Ina ɗakin kunkuru tun bakwai. Ko shayi ban sha ba."

Da na iso bayan la'asar ta gama. Ta mayar da ƙasa, ta daddanna, ta hau gamji. Ta rame kamar tsinke, fatar cikinta ta yi laɓa-laɓa, jikinta duk ƙasa, amma tana ƙarƙashin tulun tana sha.

Saura ƙwan. Ayaba mai son ruwa ce, in aka bar su a gindinta za su ruɓe cikin mako. Na sa cokali na fara tono, na ci karo da saiwa ta ko'ina. Ramin ya bi ta ƙarƙashinta har gindin tukunya.

"Sai an yanke saiwar," na ce. "Ban sani ba ko ayabar za ta rayu."

"Matsa."

Ya sa muka fito da tukunyar waje. Ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar wuƙa sau uku, ta tsage gida biyu. Ya riƙa yanke saiwar ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe ƙasar da yatsa, har fari ya bayyana. Ni na riƙa ɗauka, ba na juya su, ina jerawa a kwanon roba mai yashi. Talatin da huɗu, farare tas, kowane kamar ƙwayar wake.

Baffa ya datse ganyen ayabar ya bar biyu, ya mayar da ita wata tukunya, ya kai inuwa. Ya dawo ya tsuguna a gaban kwanon.

"Yaushe za su fito?"

"Wata shida, ko ya ɗan fi."

"Duka?"

"In Allah ya so, mafi yawa."

"To a ɗaki ɗaya za su zauna?"

"Na ɗan lokaci. In sun tasa faɗa suke yi, kowace sai da wurinta."

"Da bishiyarta."

"Da bishiyarta."

Ya motsa leɓe yana lissafi. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya nufi shinge.

"Fathi. Kawo mini wuƙar dashe da tukwane arba'in, ƙanana. Ka kuma gaya wa yaranka su kwashe buhunan nan daga gefen lunguna, wurin ya yi mini kaɗan."